Mahaifin abokina ya rasu, ya rasa wadda zai bi tsakanin hanyar mahaifiyarsa da ta malaminsa

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zariya ne, ina karatun digiri na biyu a Kuala Lumpur. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi ɗan Malesiya ne daga Penang, asalin kakanninsa Sinawa, kuma mabiyin addinin Buda ne. Ya riƙe ni kamar ɗan'uwa. Da na kwanta zazzaɓi shi ya yi jinyata, da azumi shi yake tashina sahur. Mako biyu ke nan da rasuwar mahaifinsa. Mahaifiyarsa tana so ya riƙa zuwa gida duk bayan kwana bakwai, har a cika kwana 49, su yi wuridin "Amitofo" tare. Shi kuwa shekara biyu ke nan ya koma wata hanya da suke kira Terawada, yana zaman natsuwa safe da yamma, kuma wani babba a inda yake zuwa ya ce masa wannan wuridi ba koyarwar Buda ba ce, daga baya aka ƙaro shi. Har sun yi cacar baki da mahaifiyar a waya. Ga kuma wata 'yar ajinmu tana jansa wurin wani malamin Tibet da zai zo ba da "izini" a wata mai zuwa. Shekaranjiya da dare ya tambaye ni: ya zaɓi ɗaya ne, ko ya haɗa su duka? Ni Musulmi ne, ban san komai a addininsu ba. Ba na so in taɓa imanina, ba na kuma so in bar shi shi kaɗai. Me zan ce masa?

Ɗalibi daga Kuala Lumpur

Wa alaikumus salam ƙanena. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, kuma da wannan yaro ya tashe ka cikin dare da tambayar da bai kai wa kowa ba, ya nuna maka matsayinka a wurinsa. Na yi wasu shekaru a Penang ina koyarwa, na zauna da irin mutanen da kake magana a kansu, don haka zan gaya maka abin da na fahimta, kai kuma ka isar masa da irin bakin da kuka saba.

Tambayoyi biyu ya cakuɗa. Ɗaya ta rayuwa ce gaba ɗaya: wace hanya zai riƙe. Wannan tana iya jiran shekara. Ɗayar kuwa saura mata mako biyar ta wuce har abada: shin zai zauna kusa da mahaifiyarsa a kwanakin makokin mijinta? A kan wannan ba ni da wata tantama. Ya shiga jirgin ƙasa zuwa Butterworth, garin da ke kallon tsibirin Penang, ko ya hau bas, ya je gida ranar bakwai mai zuwa, da duk bakwai ɗin da suka rage in karatu ya bari.

Kai ɗan Zariya ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ka taɓa ganin yaron da ya fita neman ilimi, ya dawo ya tarar an yi rasuwa a gidansu, ya tsaya a tsakar gida yana gaya wa tsohuwarsa cewa sadakar bakwai da ta arba'in ba su da asali. Ba ina yanke hukunci a kan waccan mas'ala ba ne, malamanmu suna da maganganunsu a kai, kuma ba ina daidaita addinai ba ne. Ina tuna maka fuskar tsohuwar nan ce kawai. Irin wannan fuska ce take jiran abokinka a Penang.

Yanzu bari in ba ka abin da za ka riƙe don kada ka shiga maganar a makance. Addinin Buda ya faro a arewacin Indiya ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, sannan ya rabu zuwa manyan rassa uku. Terawada ita ce ta Siri Lanka da Bama da Tailan da Kambodiya da Lawos. Littattafanta da harshen Pali suke, an rubuta su a Siri Lanka a ƙarni na ɗaya kafin miladiyya bayan an daɗe ana riƙe su da ka. Mahayana ita ce ta kafu a Sin, inda addinin ya shiga a ƙarni na ɗaya na miladiyya, daga nan ta wuce Koriya da Japan da Biyetnam, kuma tana da ƙarin littattafai masu yawa da 'yan Terawada ba su karɓa a matsayin maganar Buda ba. Ta uku ita ce ta Tibet, wadda ta kafu a ƙarni na bakwai da na takwas, Mahayana ce da aka ɗora mata wasu ayyuka na sirri da ba a shiga sai da izinin malami. Duka ukun sun yarda da dokoki biyar na mabiyi: kada ya kashe rai, kada ya yi sata, kada ya yi fasiƙanci, kada ya yi ƙarya, kada ya sha abin maye. A 1967 wakilan rassan sun haɗu a Kolombo suka amince da jerin abubuwan da suka haɗa su, wanda wani malamin Siri Lanka mai suna Walpola Rahula ya tsara.

Mahaifiyar abokinka tana kan wani reshe na Mahayana da ake kira Tsarkakakkiyar Ƙasa. A aƙidarsu akwai wani Buda daban da wanda ya kafa addinin, mai suna Amitaba, wanda Sinawa suke kira Amitofo, da ya yi alkawarin karɓar duk wanda ya ambace shi da zuciya ɗaya zuwa wata ƙasa inda kai wa ga tsira ya fi sauƙi. Sun kuma yi imani cewa mamaci yakan yi har kwana 49 a tsakani kafin a sake haihuwarsa, kuma wuridi da sadakar iyalinsa a waɗannan kwanaki suna taimakonsa. Shi ya sa take ƙirga bakwai bakwai har sau bakwai. A wurinta mijinta yana kan hanya, tana so ɗansu ya kama mata su raka shi.

Babban nan da ya yi wa abokinka magana bai yi ƙarya ba a fannin tarihi, kada ka ce masa ya yi. Sunan Amitaba ba ya cikin littattafan Pali, kuma ra'ayin da Terawada ta tsayu a kai shi ne ana sake haihuwar mamaci nan take, babu zaman tsakani. Saɓani ne na gaskiya, tsoho ne ƙwarai, kuma ba ku ne za ku warware shi a ɗakin kwanan ɗalibai ba. Inda babban ya yi kuskure shi ne ya karanta wa yaron rabin littafinsa ya rufe sauran rabin.

A cikin littattafan Pali ɗin nan da abokinka yake girmamawa akwai wata huɗuba da Buda ya yi wa wani saurayi mai suna Sigala. Mahaifin Sigala ya bar masa wasiyya ya riƙa rusunawa ga kusurwoyi shida kowace safiya, yana yi bai san dalili ba. Buda bai ce masa ya watsar da wasiyyar uba ba. Ya fassara masa ita ne, ya ce gabas iyaye ne, ya lissafa haƙƙoƙi biyar da suke da su a kan ɗa: ya ɗauki nauyinsu, ya yi musu hidima, ya riƙe al'adar gidansu, ya zama wanda ya cancanci gadonsu, kuma bayan sun rasu ya yi sadaka a madadinsu. Na biyar ɗin nan shi ne kan maganarmu. Akwai kuma wata gajeruwar huɗuba mai suna Tirokudda da sufayen Terawada suke karantawa a wurin makoki, a kan mamatan da suke jiran dangi su tuna da su da sadaka. A Siri Lanka, cibiyar Terawada, ana ciyar da sufaye a kwana na bakwai da rasuwa, da wata na uku, da cikar shekara, a zuba ruwa daga buta zuwa ƙoƙo har ya tumbatsa, a ce ladan ya kai ga mamaci. Ambaton Buda da tuna siffofinsa shi ma yana cikin hanyoyin natsuwa arba'in da malaman Terawada suka lissafa.

Ka ga ke nan yana da wurin zama a falon mahaifiyarsa ba tare da ya yi wa kansa ƙarya ba. In zuciyarsa ta yarda ya furta wuridin, ya furta a matsayin rakiya. In ba ta yarda ba, ya zauna kusa da ita ya haɗa tafukansa, ya yi nasa ambaton a zuci, in an gama ya sadaukar da ladan ga mahaifinsa kamar yadda tasa hanyar ta koya masa. In yana so ya ƙara, ya kai abinci ga sufaye da sunan mahaifin, ya gayyaci mahaifiyar ta raka shi. A Penang wannan ba abin wahala ba ne. A titi ɗaya akwai wurin ibadar 'yan Bama, Dhammikarama, wanda aka kafa a 1803, yana kallon na 'yan Tailan, Wat Chayamangkalaram, kuma da yawan masu kai abinci a can Sinawa ne irin mahaifiyarsa.

Zai iya kawo maka wata hujja, gara ka san ta tun yanzu. Akwai inda Buda ya ce ko mutum ya ɗauki uwa a kafaɗa ɗaya, uba a ɗaya, shekara ɗari, bai biya su ba, sai in ya dasa su a kan imani da kyawun hali da kyauta da hikima. Yara masu zafin sabon ilimi suna son wannan magana, domin suna ganin ta ba su lasisin gyara iyaye. Ka tambaye shi a hankali: matar da take tashi da asuba da carbinta, ta daina cin nama saboda mijinta, tana rabon sadaka, wanne daga cikin huɗun nan ta rasa da har sai an yi mata tsawa a waya?

Sai babbar tambayar, ta zaɓe ko haɗawa. Abin da zai kwantar masa da hankali shi ne kowanne daga cikin biyun yana da magabata. Shi ɗan Penang ne, ya san Kek Lok Si da ke kan tudun Air Itam, wataƙila tun yana goye aka fara kai shi. Ka ce ya tuna hasumiyar wurin, wadda aka gama a 1930: gindinta ginin Sin ne, tsakiyarta na Tailan, kanta na Bama. Waɗanda suka gina ta ba su ga aibu a hakan ba. A Sin ɗin ma, an shafe shekaru fiye da dubu ana haɗa zaman natsuwa irin na Chan, wani reshe na Mahayana, da wuridin Amitofo a gida ɗaya. Yongming Yanshou, wanda ya rasu a 975, ya shahara da koyar da su tare. Bayansa Yunqi Zhuhong, wanda ya rasu a 1615, ya ƙarfafa wannan haɗi, har ya zama ana sa mai wuridi ya tsaya ya tambayi kansa: wane ne wannan mai ambaton? Ambaton da kansa ya koma ƙofar natsuwa. A Japan kuwa aka bi ta ɗaya gefen. Honen, wanda ya rasu a 1212, ya ce a ajiye komai a riƙe ambaton Amida, wato Amitofo a bakin Japanawa, kaɗai, Dogen da ya zo bayansa ya ce zama shiru ya wadatar. A Tibet a ƙarni na 19 wasu manyan malamai, cikinsu har da Jamgon Kongtrul, suka tashi da wata tafiya ta tattara koyarwar dukkan makarantun ƙasar don kada wata ta ɓace.

Ga abin da na lura da shi a tarihin waɗannan mutane, kuma a nan ra'ayina yake. Duk waɗanda suka haɗa hanyoyi haɗin ya yi albarka, sai da suka tsufa a cikin guda tukuna. Kongtrul ya tattara na kowa, amma koyarwarsa ita ce kowa ya tsaya a gidansa ya girmama na maƙwabci. Abokinka shekara biyu kacal ya yi yana zama. Taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya, balle uku. Wanda yau ya ƙirga numfashi, gobe ya ja carbi, jibi ya ɗauko wuridin Tibet daga YouTube, abin da yakan faru da shi shi ne duk sa'ad da hanya ta fara wuya sai ya tsallaka wata, alhali wurin da ta fara wuyar nan ne aikin yake farawa. Mu ma malamanmu sun daɗe suna jan kunne a kan mai tsintar sassauci daga wannan mazhaba zuwa waccan. Su ma masu koyar da zaman natsuwa sun san haka. A halwar kwana goma ta zaman natsuwa da ake kira Wifassana, wadda malamin nan S. N. Goenka ya yaɗa a duniya, sharaɗi ne mai shiga ya ajiye duk wani wuridi da wata ibada har ya fito, don ya san abin da ya samu daga ina ya zo.

Saboda haka ka ce masa ya riƙe aikin yau da kullum guda ɗaya. Tunda zaman Terawada ya karɓe shi, ya ci gaba da shi safe da yamma, ya ba shi shekaru, ya kuma nemi malami na gaske, wanda ya daɗe a cikin rigar sufaye, ya daina ɗaukar fatawa daga duk wanda ya riga shi zuwa da wata shida. Abin da ake yi a gida kuwa, na makoki da na bikin Wesak na tunawa da haihuwar Buda, da na watan bakwai da Sinawa suke tuna mamata, wannan haƙƙin dangi ne, ya je ya yi shi da zuciya ɗaya. Hakan ba ya rushe zamansa na asuba. Ba shi ne na farko ba. Wurin ibadar Brickfields da ke nan Kuala Lumpur, 'yan Siri Lanka ne suka kafa shi a 1894, kuma babban malaminsa K. Sri Dhammananda, wanda ya iso ƙasar a 1952 ya zauna har rasuwarsa a 2006, yawancin waɗanda suka koyi Terawada a hannunsa Sinawan Malesiya ne da suka taso a gidaje irin na abokinka. Ya je can ya tambayi dattawan yadda suka yi da nasu iyayen. Zai sami amsoshin da suka fi nawa.

Maganar malamin Tibet kuwa, a'a, ba yanzu ba. Sauraron wa'azinsa ba komai, yana iya zuwa ya ji. Amma abin da yarinyar ta kira izini alkawari ne da ake ɗaurawa tsakanin almajiri da malami, sau da yawa da wuridin da za a riƙa yi kullum har mutuwa, kuma a aƙidarsu karya shi babban abu ne. Ka san yadda ɗariƙar Tijjaniyya take sharɗanta wa mai karɓar wuridi kada ya haɗa shi da na wata ɗariƙa, kada kuma ya bari bayan ya karɓa. Nauyin ya yi kama da haka. Littattafansu da kansu sun ce almajiri ya daɗe yana nazarin malami, har an ambaci shekara goma sha biyu, kuma Dalai Lama, sanannen jagoran addinin na Tibet, ya sha maimaita wannan gargaɗi. Akwai dalilin maimaitawar. A 2017 wasu tsofaffin almajirai takwas na wani shahararren malamin Tibet a Turai, Sogyal Rinpoche, suka rubuta takarda suna zarginsa da duka da cin zarafi, ya sauka daga shugabancin ƙungiyarsa, binciken da aka yi a shekarar da ta biyo ya gaskata da yawa daga cikin zarge-zargen. Akwai malaman Tibet na kirki da yawa. Amma yaron da bai yi wata ɗaya da binne uba ba, zuciyarsa tana neman wanda zai maye gurbin, bai kamata ya ɗaura alkawarin rayuwa da baƙon da zai kwana uku ya tashi ba. In hanyar tasa ce, baɗi ma tana nan.

Saura kai. Babu abin da na faɗa da yake buƙatar ka gaskata aƙidarsu. Kai ba ka yarda da sake haihuwa ba, ba ka yarda da Amitofo ba, kuma in ya tambaye ka abin da ka yi imani da shi game da mutuwa da hisabi, ka gaya masa gaskiya cikin ladabi, kada ka rage komai. Amma kada ka mai da makokinsa dandalin muhawara, domin zai tuna har abada cewa ranar da ya zo maka da hawaye ka ga dama ce. Abin da kake tura shi gare shi, wato kyautata wa uwa, naka addinin ma ya faɗa. A suratu Luƙman, ko iyayen da suke jan ɗa zuwa shirka, an ce kada ya bi su a kan haka, amma ya zauna da su a duniya da kyautatawa. Kuma ya tabbata cewa an wuce da gawar wani Bayahude, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko wane ne ya ce: shin ba rai ba ne?

In da hali ka raka shi Penang sau ɗaya. Ba za ka rusuna wa gunki ba, ba za ka kunna turaren ibada ba, ba za ka yi wuridi ba, kuma in ka faɗa musu haka tun farko da ladabi za su fahimta, sun saba zama da Musulmi, tunda Musulmi ne mafi yawa a ƙasar. Ka sa kaya marasa ƙyalli, ka guji ja, domin a wurinsu launin murna ne. Ka riƙe 'ya'yan itace, kada ka kai nama. Ka gaishe da tsohuwar, ka gaya mata ɗanta ne ya yi jinyarka lokacin da ba ka da kowa a ƙasar. In sun shiga wuridinsu ka fita baranda ka jira, in lokacin salla ya yi ka tambaye su inda za ka shimfiɗa dardumarka.

Kafin tafiyar, ka sa shi ya kira ta yau. Kada ya buɗe zancen littattafai. Ya ce mata ya yi kuskure da ya ɗaga murya, ya tambaye ta ƙarfe nawa ake farawa ranar bakwai ɗin, da abin da take so ya taho da shi.